Waƙar da Ta Fara daga na Biyu

Ina tsaye gaban allo ina koya wa 'yan aji biyu lissafi, sai na ji babur ya tsaya a bakin taga. A shekarun nan babura sun cika Kankiya, don tun da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi kowane akawu ya sayi nasa, amma ƙarar na ƙanena ba ta ɓuya. Na leƙa na gan shi zaune bai sauko ba, ya cire hula ya riƙe a hannu.

Ya ce, "Yaya, jikin Inna ne ya motsa. An ce ki zo."

Na dubi ƙafafunsa, na ga ɗanyar ƙasa ta manne a takalmi har idon sawu, alhali ba a yi ruwa ba.

Na ce, "Kun kai ta ke nan?"

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Da hantsi."

Na yi salati. Na ajiye alli, na gaya wa hedimasta, na aika a faɗa wa maigidana, na ɗauki mayafina. Tsakanin Kusada da Kankiya ba wata tafiya ba ce ga mai babur. Da an aiko tun da asuba lokacin da ta cika, da na tarar da ita kafin a rufe fuskarta. Na tambaye shi me ya hana. Ya ce kawunmu ne ya ce kada a jinkirta, kuma kowa ya ɗauka wani ya riga ya aika mini. A bayan babur ɗin akwai rakodarsa ɗaure da roba, wadda ba ya rabuwa da ita tun da ya saye ta. Babu wurin zama sai an kwance ta, saboda haka a cinyata na riƙe ta har Kusada. Ranar da uwata ta rasu, abin da na rungume ke nan.

Ni ce 'yar fari. Da aka yaye ni aka miƙa ni ga Goggo, yayar mahaifina, wadda ke aure a Kankiya, Allah kuwa bai ba ta haihuwa ba. A hannunta na tashi, ita ta sa ni makarantar boko, ita ta aurar da ni. Mahaifiyata ba ta taɓa kiran sunana ba, ko a gabana ko a bayan idona. In ta zama dole ta ambace ni, sai ta ce "mutuniyar Kankiya." Ƙannena Inna suke ce mata. Ni kuwa Malama nake cewa, yadda ɗalibanta ke faɗa, don ban sami wani sunan da ya dace da bakina ba. Na tuna shekarar da aka sami mulkin kai, an koya mana wata waƙa a makaranta, na zo hutu Kusada na tsaya a tsakar gida ina rera ta da ƙarfi don ta ji. Ba ta ɗago daga kaɗin da take yi ba. Ta dubi wata maƙwabciya ta ce, "Ku ce wa mutuniyar Kankiya ta rage murya, yaro na barci."

Ba a ce wa wannan ƙiyayya a ƙasarmu. Kunya ce, kuma ana yaba wa mai ita. Na sani tun ina yarinya, don an sha gaya mini. Sanin bai taɓa sa abin ya yi mini daɗi ba.

Malama 'yar malamai ce. A gidan ubanta ta sauke Alƙur'ani, bayan ta yi aure kuma matan unguwa suka riƙa zuwa wurinta karatu tsakanin azahar da la'asar, kowace da allonta, wata da goyo, wata da ciki. In an tashi daga karatu ta kan rera musu waƙoƙin wa'azi na mutanen da. A hankali ta fara sa tata a ciki. Waƙar goyo suke ce mata. Ba waƙar rarrashin yaro ba ce, waƙa ce mai baiti da ƙafiya kamar ta malamai, sai dai abin da ke cikinta namu ne: laulayi, naƙuda, wankan jego, kunun kanwa, yaye, da jaririn da ya koma. Ba ta taɓa rubuta ta ba ko da ajami. Ta kan ce abin da aka sa a takarda rabon gara ne.

Bayan sunan Allah da salati ga Annabi, ga yadda waƙar take farawa:

Na biyu ya zo mini ran ruwan shuka,
Maza suna gona, na durƙusa ni ɗaya.

Na biyun nan shi ne mai babur. Daga shi sai wanda bai rayu ba:

Na ukun ya koma bai san tuwo ba,
Ya bar mini nono yana zuba har safiya.

Haka ta bi su ɗaya bayan ɗaya har auta. Kowa yana da baitinsa, wasu ma har biyu. Ni ban da komai. Waƙar ta tsallake ni kamar yadda ake tsallake kwata.

Ranar sadakar bakwai, bayan maza sun watse, ɗalibanta suka cika tsakar gida. Wata tsohuwa ta ɗauko waƙar a hankali, sauran suka karɓa, ana yi ana share hawaye da bakin mayafi. Ina zaune a gefe ina saurare, sai na lura da wani faifai a kife kusa da turmi, wani jan haske yana ƙyalli a ƙarƙashinsa. Ba ni kaɗai na gani ba. Tsohuwar ta tsaya cak, ta miƙa sanda ta ɗage faifan, sai ga rakodar ƙanena tana ɗauka.

"Wane ɗan nema ne ya ajiye mana wannan?"

Ƙanena ya fito daga zaure yana sosa ƙeya, ya ce, "Iya, don tarihi ne."

"Tarihin wa? Mijina shi ji muryata cikin akwati a tashar mota, ina zan sa kaina? Ɗauke abinka tun ban sa mashi taɓarya ba."

Mata suka yi dariya da hawayen a fuskarsu, waƙar kuwa ba a ƙara ɗaukar ta ba ranar. Da yamma ya same ni a ɗakin Malama ina ninke kayanta. Ya ce ya daɗe yana roƙon ta ya ɗauki muryarta tana ƙi. Yanzu ga shi ta tafi, in tsofaffin nan suka bi ta shi ke nan. Ya ce akwai shiri a gidan rediyo da ake karanta rubutattun waƙoƙi, kuma duk na maza ne, ba a taɓa jin irin wannan ba.

"Yaya, ke ce mace, ke ke shiga gidaje. Kuma rubutunki ya fi nawa kyau. Ki tattara ta, ni zan buga da tafireta a ofis."

Na ce masa to. Ya ɗauka don rediyo na yarda. Ni kuwa abin da ke raina daban ne. Ban zauna da Malama ba sai ɗan hutu, ban san waƙar duka ba. Waɗannan mata sun yi shekaru suna jin ta kullum. Na ce a raina wataƙila akwai wani baiti da take yi in ba na nan.

Da aka ba da hutun makaranta na fara. Ban san aikin da na ɗauko ba. Ba a shiga gida a ce a yi waƙa. Sai an gaisa, an yi mini ta'aziyya tun daga farko, an yi kuka, an dama fura, an tambayi yara da maigida da jikin Goggo. Sai rana ta yi nisa sannan matar gida za ta gyara zama ta fara, kuma ba ta iya yi a hankali don in rubuta. In na ce ta maimaita layin da ya wuce, sai ta koma tun daga bisimilla. In na ce ta faɗa da baki kawai ba da rerawa ba, sai ya ɓace mata. Wata kuma tana tsakiyar baiti yaro zai faɗa a kwatami, ta tashi, ta dawo ta ce, "Ina muka tsaya?" Ni ma ban sani ba.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne babu mace biyu da suka ba ni waƙa iri ɗaya. Farkon dai ɗaya ne, na biyu, na uku, har auta. Daga nan kowa sai ta kama gabanta. A Yashe wata mata mai fara'a, wadda aure ya kai ta can daga unguwarmu, ta rera mini wannan:

Biyu Ya ba ki, hannu biyu gare ki,
Da me za ki ɗauki tulu zuwa rijiya?

Na ajiye biro na ce, "Baba, Malama ba ta taɓa haihuwar tagwaye ba."

Ta ce, "To wa ya ce ita ta haifa? Ni na haife su, ga su can suna kiwo. Ta zo mani barka, ba ta kawo sabulu ba, ba ta kawo zane ba. Ta zauna nan inda kike, ta dube ni na rasa wanda zan fara ba nono, ta ce ga abin da ta zo da shi. Na yi dariya har ciwon mara ya tashi."

A nan na gane yadda Malama take aikinta. Baiti shi ne kayan barkarta. Duk ɗalibar da ta haihu, ko ta yi ɓari, ko ɗanta ya koma, sai ta je ta zauna ta dubi halin da ake ciki, ta yi mata baiti ta bar mata. Matar kuma sai ta jona shi a jikin waƙar, ya zama nata. Shi ya sa waƙar ta yi rassa kamar kabewa, daga Kusada har Kafinsoli da Kaikai. Akwai baitin wadda ta fara haihuwa a asibiti, akwai na wadda mijinta ya tafi kudu aiki ya bar ta da ciki. Akwai na kwalbar shayar da jarirai da ta shigo a shekarun nan:

An kawo nonon gwangwani daga birni,
Ku tambayi kwalba in tana da zuciya.

Akwai na injin niƙa da aka kafa a bakin kasuwa:

Inji ya karɓi niƙa, mun gode Allah,
Wa zai ƙera mana injin raino da jinya?

Har akuya tana da baiti. Lokacin da aka haifi auta Malama ta yi ciwo, aka shayar da shi da nonon wata jar akuya, sai ta yi mata:

Akuyar da ta ba auta nono ina kwance,
Ba wuƙa, ba kasuwa, ta tsufa cikin lafiya.

Ina rubuta wannan sai da na danna biro har ya huda takarda.

A kowane gida, in an gama, na kan yi tambayata kamar ba komai ba. Na kan ce, "Kafin na biyu fa? Ba a sa wani abu tsakaninsa da salati?"

Amsar ba ta canzawa. Wata ta kama haɓa, wata ta tafa hannu.

"Ke kuwa! Malama guda ta yi ma ɗiyar fari waƙa? Ai sai duniya ta tashi."

"Uwarki mai kunya ce. Irinsu sun ƙare."

Wata a Kafinsoli ta ƙara da cewa, "Ki gode ma Allah. Ni tawa uwar ko inuwata ba ta takawa."

Na gode, na sha fura, na nemi motar komawa. A hanya ina duba abin da na rubuta. Duk baitocin da harafi ɗaya suke ƙarewa, ga ɗiya, ga Kankiya, kalmomi a zube a gabanta, ba sai ta wahala ba. Macen da ta iya yi wa akuya baiti.

Wuri ɗaya tak na san na shiga waƙar, shi ma ta bayan gida. Da na haifi ɗana na fari a gidan Goggo na yi jego. Malama ta zo ranar suna, ta zauna ta ba ni baya, aka miƙa mata jaririn. Jika abokin wasa ne, babu kunya tsakaninsu. Ta ɗaga shi sama ta ce:

Angona ya zo ba ko goron gaisuwa,
Ɗan wadda ba na faɗa, ta wajen Kankiya.

Mata suka yi guɗa. Ni ina bayan labule ina cin naman jego, na ture kwanon gefe. Wannan ne rabona duka, kuma ma baitin ba nawa ba ne, na yarona ne.

Kafin a koma makaranta na gama abin da zan iya. Na jera baitocin yadda na ga ya dace, na ba ƙanena. Ya buga su da tafireta, ya sa a ambulan, ya hau mota ya kai wa mai shirin a gidan rediyo da kansa. Bayan kwanaki ya zo gidana da la'asar, ya zauna a kan tabarma yana juya hula.

Ya ce, "Mutumin ya yaba ƙwarai. Ya ce bai taɓa ganin irinta ba. Sai dai ya ce ba ta da kai."

"Kamar yaya ba ta da kai?"

"Ya ce ta fara da na biyu. Mai saurare zai ɗauka an yanke farkon, ko mun ɓatar da shafi. Ya ce mu je mu nemo na farin."

"Ba ka gaya masa dalili ba?"

"Na gaya masa. Ya ce ya sani, shi ma ɗan fari ne. Amma ya ce rediyo har wasu ƙasashe ake ji, ba zai tsaya yana yi wa kowa bayanin kunya ba."

Sai ya sa hannu a aljihu ya zaro wata 'yar takarda. Ya yi gyaran murya. Tun kafin ya buɗe baki na san abin da ya aikata.

Ta fari ta zo mini, farin cikin raina,
Hasken idona, sanyin cikin zuciya.

Ya dube ni yana jiran yabo. Ya ce, "Na yi kwanaki ina gyara shi. Ma'aunin ya hau daidai, ƙidaya ki gani. Ba wanda zai gane."

Na ce, "Ni zan gane."

"Yaya, ai don ke na yi. Kin cancanta."

"Ka taɓa jin ta ce wa wani hasken idona? Ko kai da take ji da kai, abin da ka samu ruwan shuka ne da durƙuso. Duba duk baitocin nan, kowanne akwai abu a ciki, tulu, kwalba, turmi, akuya. Naka babu komai sai iska. Wannan ai gaisuwar masoya ce ta zaɓen rediyo."

Ya ji zafi. Ya ce to in ban so nasa ba in yi nawa, tun da ni ce na iya. Na ce ba zan sa wa matacciya magana a baki ba, musamman maganar da ta ƙi faɗa tana da rai. Ya ce saboda baiti ɗaya zan hana duniya jin waƙar Inna. Na ce ba ni na hana ba, ya koma ya ce wa mutumin a karanta ta yadda mai ita ta bar ta. Ya ce ni taurin kai ne da ni kamar ita. Wannan ce magana mafi daɗi da ya faɗa ranar, amma ban nuna masa ba. Ya tashi ya buga babur ya tafi bai sha ruwa ba.

Washegari na je gidan Goggo. Ita kaɗai ce ban tambaya ba, don ba ɗalibar Malama ba ce, kuma ban taɓa jin ta rera komai ba. Na tarar da ita a inuwar ɗaki tana ɓarar gyaɗa. Ta tsufa sosai a lokacin, idonta ya yi rauni, amma bakinta yana nan. Na zauna na ja ƙwaryar gabana muna yi tare, na ba ta labarin rigimarmu da ƙanena don ta yi dariya.

Ta yi dariyar, sannan ta ce, "To ni nawa baitin kun sa shi?"

Na ce, "Goggo, ke ma kina da shi?"

"Mi zai hana? Ran da na aurar da ke ta ba ni." Ta share baki, ta faɗa ba tare da rerawa ba:

Wadda ba ta haifa ba ta goya na wasu,
Bayanta ya shaida, ku daina mata dariya.

Na ce, "Ashe ni ce na wasu."

"Ke ce mana. Wa na goya in ba ke ba?"

Na ce, "Kowa ya samu ke nan. Ke, da tagwayen Yashe, da akuya. Ni kaɗai ce ba ta taɓa buɗe baki a kaina ba."

Goggo ta ci gaba da ɓara. Can ta ce, "Ta taɓa farawa."

Na ajiye gyaɗar na juyo gare ta.

Ta ce, "Ran da na je ɗauko ki. An shafa mata maɗaci a nono kin ƙi kamawa, kina ta tsala ihu. Na goya ki, aka ɗaura mani kayanki. Mun kai zaure sai na tuna an bar majanyinki, na koma. Na same ta bayan rumbu ita kaɗai, ta riƙe majanyin tana ninkewa tana warwarewa, tana wata 'yar waƙa ƙasa-ƙasa. Ba ta ji zuwana ba. Yarinya ce ƙarama lokacin, ba ta zama wata Malama ba."

"Sai me ya faru?"

"Sai na daka mata tsawa. Na ce ke, ba ki da kunya? Gida cike da dangin miji, surukarki na tsakar gida, ki tsaya kina yi ma ɗiyar fari waƙa? In wani ya ji, da wane ido za ki dubi mutane? Ta miƙo mani majanyin, ta rufe fuska ta shige ɗaki." Goggo ta gyaɗa kai. "Ni na rufa mata asiri ranar. Ba wanda na faɗa mawa. Kuma kin ga ta ji magana, ba ta ƙara ba har ta koma ga Allah."

Da alfahari ta faɗi wannan. Na dube ta, matar da ta goya ni, ta yi jinyar ƙyandata, ta sayar da tunkiyarta ta saya mini kayan makaranta. Na rasa inda zan ajiye fushina.

Na ce, "Goggo, me ta ce a waƙar?"

"Oho."

"Ki tuna mana. Ko layi ɗaya."

"Wa zai riƙe maganar rashin kunya? Ni ina jin abin da take yi na toshe kunnena."

"Ko kalma ɗaya, Goggo."

Ta ɗaga kai sama ta yi tunani, don ta ji muryata ta canza. Ta ce, "Akwai majanyi a ciki. Ko kuwa don na gan shi a hannunta ne nake ce haka? Wallahi ban sani ba, uwata. Abin ya daɗe."

Na ce da ta bari ta ƙarasa, ai baiti ɗaya ne, ba zai kashe kowa ba. Ban taɓa ɗaga mata murya ba sai ranar. Ba ta yi fushi ba. Ta laluba ta jawo ƙwaryar gyaɗar gabanta, ta ce, "Ke naki ɗan farin, ran nan da kuka zo nan tare, wa na ji ta ce a kira mata wancan yaron?"

Muka gama ɓarar gyaɗar, na share ɓawon, na yi mata sallama.

Daga ranar, duk zuwan da na yi sai na sake tambayar ta. Na gwada mata da safe, na gwada bayan ta ci goro. Na taɓa kai mata wani tsohon majanyi na sa mata a hannu ko zai tuna mata, ta shafa shi ta ce saƙar yanzu ba ta da ƙwari. Wani lokaci ta ce kamar akwai hanya a ciki, wani lokaci ta ce a'a, nono ne. Daga baya ta fara cewa in ƙyale ta, ina sa mata ciwon kai. Da damina ta zagayo ita ma ta rasu. A hannuna ta cika, wannan karon ba wanda ya zo ya ɗauke ni da babur.

Na gaya wa ƙanena abin da Goggo ta faɗa. Ya yi murna ya ce to shi ke nan, tun da mun san akwai baitin, kuma mun san akwai majanyi a ciki, sai mu gina shi. Na ce ba mu san akwai majanyi ba. Ya ce ni matsala ce. Mun shirya daga baya, amma shekaru da yawa duk sallah in ya zo gaisuwa sai ya tayar da maganar, ni kuma in kawo masa tuwo. Shirin rediyon ma an daina shi. Yawancin matan da suka ba ni baitoci sun rasu, 'ya'yansu kuwa wasu sun riƙe na uwayensu, wasu ba su san an yi ba.

Na sha zama da biro in gwada. Na kan kai ga majanyi in tsaya, don duk abin da ya biyo baya muryata ce, ba tata ba. Takardun da ƙanena ya buga suna nan a wurina, gara ba ta ci su ba tukuna. Waƙar har yau daga na biyu ta fara, kuma ba mu mayar da ita gidan rediyo ba.